'Yar Tinƙe, Daliget Ko Maslaha: Wacce Za Ka Ɗaga Wa Hannu In An Tambaye Ka?

Da zarar kakar fid da gwani ta kama, majalisarmu ta bayan Isha'i a wurin mai shayi nan Ƙofar Ƙaura a Katsina sai ta rabu gida-gida. Wannan ya ce gwaninsa ne zai kai labari, wancan ya ce ai ko akwatin ƙofar gidansu ba zai kawo ba. Akwai wani tsohon direba da kullum yake tsokanar masu goyon bayan attajiran 'yan takara da cewa su dai su riƙa tuna mu in an fara rabon "kayan aiki", su kuma su rama da cewa nasa gwanin ko kuɗin fosta sai an yi mashi karo-karo. A yi dariya, a ƙara shayi, a watse ba wanda ya sauya ra'ayi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ƙanena, wanda aka sa cikin shugabannin jam'iyyarsu na mazaɓa. An kira su taron masu ruwa da tsaki, kuma ya ji ƙishin-ƙishin za a nemi ra'ayinsu kan hanyar da za a bi a tsayar da ɗan takara. Ya same ni ya ce, "Yaya, ni fa duk surutun da muke yi a majalisa kan mutane ne. In aka ce 'yar tinƙe ko daliget ko maslaha, wacce zan ce?" Tambayar ta fi duk gardamar da muke yi nauyi, domin sau da yawa ranar da aka yanke hanyar, ranar aka gama zaɓen. Sauran biki ne.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu na shekarar, ta lissafa hanyoyin nan uku a sashe na 84. Majalisar Tarayya kan taɓa dokar kusan kowace kaka, don haka kafin ka shiga taro ka nemi sanin waɗanda ke kan tebur a lokacin. Amma halin kowace hanya ba ya sauyawa, kuma shi nake so mu auna.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko kuɗi: nawa ake kashewa, kuma daga aljihun wa. Na biyu ƙarko: shin sakamakon zai tsaya a gaban alƙali, kuma waɗanda suka faɗi za su zauna a jam'iyya har babban zaɓe? Na uku sauƙin shiryawa. Na huɗu haɗari, na jiki da na mutunci. Na biyar, wanda ni a wurina ya fi sauran, shi ne mabuɗi: a hannun wa yake? Kowace hanya tana da wata takarda ko wani ɗaki wanda duk mai riƙe da shi ya riƙe sakamako.

Kuɗin fom ba ya cikin lissafin, tun da ko ta wace hanya aka bi sai an saya. A 2014 fom ɗin shugaban ƙasa na APC naira miliyan 27.5 ne, har Buhari ya ce bashin banki ya ci ya saya. A 2022 ya kai miliyan 100, na PDP kuma miliyan 40.

Zaɓen daliget

Ita ce hanyar da muka fi sani. Ana zaɓo wakilai daga mazaɓu ko ƙananan hukumomi, a tara su wuri guda, su jefa ƙuri'a a madadin kowa. Ta nan Obasanjo ya fito a Jos a 1999. Ta nan Buhari ya fito a filin wasa na Teslim Balogun a Legas cikin Disamban 2014 da ƙuri'a 3,430, Kwankwaso ya samu 974, Atiku 954. Mutanen Daura har yau in ana kushe daliget sukan kawo wannan misalin: ga mutumin da ba a san shi da rabon kuɗi ba, ya kayar da masu shi. Gaskiya ne, sai dai a haɗa da cewa manyan jam'iyyar na Kudu maso Yamma da gwamnoni da dama sun riga sun tsaya mashi kafin a shiga filin.

A fannin kuɗi, jam'iyya na samun rangwame: fili ɗaya, kwana ɗaya ko biyu, jami'an tsaro a ƙofa. Nauyin sai ya koma kan ɗan takara, kuma iya ƙarancin wakilai iya tsadar kowane kai. A 2022 dokar ta cire wakilan da a da suke shiga saboda muƙaminsu, irin su 'yan majalisa da tsofaffin masu mulki, ta bar zaɓaɓɓu kaɗai. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC ta ɗauki uku. Jihar Katsina mai ƙananan hukumomi 34 ke nan ta tura mutum 102 taron APC a Dandalin Eagle, inda Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. A na PDP kuwa Atiku ya ci da 371, Wike na biye da 237, bayan Tambuwal ya hau mumbari ya janye mashi. Dubi ƙanƙantar lambobin. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma 'yan ɗaruruwa suka yanke wa babbar jam'iyyar adawa hukunci. Shi ya sa jaridu suka cika da maganar dala a makon, har jami'an EFCC suka bayyana a filin taron. A Kaduna Sanata Shehu Sani ya fito fili ya ce ba zai ba daliget ko sisi ba a takarar gwamna. Ƙuri'a biyu ya tashi da su.

A majalisa in aka ce wane ya zama daliget, tsokanar da ke biyo baya ita ce a tambaye shi launin motar da zai sayo. Wasa ne, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa daliget ɗin ma ba shi da ikon kansa: a kwashe su a mota ɗaya, a sauke su a masauki ɗaya, wani lokaci a karɓe wayoyi, a gaya masu sunan da za su rubuta. Kuɗin da ake ta yayatawa ma ba duka ke isa hannunsa ba, jagoran tawaga ya yanki nasa. Mabuɗin wannan hanya shi ne jerin sunayen wakilai, kuma a mafi yawan jihohi yana gidan gwamnati, ko hannun wanda ke ɗaukar nauyin jam'iyya in ba ita ke mulki ba. Duk wanda ya yi barci ranar zaɓen wakilai a mazaɓa, kada ya zo yana kuka ranar babban taro.

Duk da haka ba zan zalunce ta ba. A gaban kotu ita ta fi saukin karewa, saboda akwai sunaye, akwai ƙuri'u da aka ƙirga a gaban kyamara da jami'an INEC. Kuma in ba a tsoma baki da yawa ba takan yi zafi na gaske. Zaɓen fid da ɗan takarar gwamna na APC a nan Katsina cikin Mayun 2022 shaida ne: wakilai biyar-biyar daga mazaɓu 361, Dikko Raɗɗa ya samu 506, Mustapha Inuwa 442, Abbas Masanawa 436. Ba wanda ya kwana da tabbacin sakamako a daren. Amma dubi abin da ya biyo baya, wanda ya zo na biyu ya bar jam'iyyar kafin babban zaɓe. Ƙarkon kotu daban, ƙarkon zuciya daban.

'Yar tinƙe

Wasu na ce mata ƙato bayan ƙato. Duk mai katin jam'iyya ya fito mazaɓarsa, a mafi yawan lokuta a yi layi bayan hoton ɗan takara ko wakilinsa, a ƙirga kawuna. Ita ce masoyiyar matasa da 'yan majalisar shayi, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: za ka iya saye mutum ɗari, ba za ka iya saye mutum dubu ɗari ba. 'Yan majalisar tarayya ma sun so su mayar da ita dole a 2021, don su kuɓuta daga hannun gwamnoninsu. Buhari ya ƙi sa hannu cikin Disamban shekarar, ya kawo hujjar tsada da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu, sai da aka dawo da sauran hanyoyin sannan ya amince.

Hujjar tsadar ba ƙarya ba ce. Mazaɓu 8,809 ne a Najeriya. Kowace tana buƙatar malaman zaɓe, takardun sakamako, mota, tsaro da mai sa ido. Ɗan takara kuma dole ya ajiye wakili a kowace, ya ciyar da shi, ya yi jigilar magoya baya. Kuɗin bai ragu ba, watsuwa ya yi: maimakon dala a ɗakin otal, sai ya koma taliya da atamfa da kuɗin mai. Ɗan takarar shugaban ƙasa da ba shi da gwamnoni ko tsari a jihohi 36, wannan hanya ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Sai maganar tsaro, wadda mu nan ba labari ake ba mu ba. Wanda ke zaune a Abuja yana iya cewa kowa ya fito mazaɓarsa. Je ka faɗi haka a wasu ƙauyukan Batsari, Safana, Jibiya, Ƙanƙara ko Faskari a shekarun da hare-hare suka yi tsanani, inda rabin gari ke gudun hijira. Abin da kan faru shi ne a ce an haɗe mazaɓun a hedikwatar ƙaramar hukuma, daga nan kuma waɗanda ke da mota su ne jama'a. A cikin birni kuma matsalar ƙauraye ce, wato 'yan daba. Layi a fili, ga zafin rana, ga matasa an ba su abin da aka ba su. Dattijo mai mutunci da matar aure ba za su tsaya ba.

Akwai wani haɗarin da masu yabon 'yar tinƙe ba su cika ambata ba, wato rashin sirri. In ka tsaya bayan hoton wanda ubangidanka ba ya so, kowa ya gan ka. Mai gidan da kake haya, wanda ya samar wa ɗanka aiki, surukinka, duk suna kallo. Daliget aƙalla yana da takarda da akwati, yana iya cin na kowa ya rubuta wanda ya ga dama. Mai layi ba shi da wannan mafaka.

Mabuɗinta kuwa rajistar 'yan jam'iyya ce da takardar tattara sakamako. Dokar 2022 ta ce a miƙa wa INEC rajista kwana 30 kafin zaɓe, amma wa ya rubuta rajistar, wa ya raba katin? A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe ta shugaban ƙasa, Buhari shi kaɗai ne ɗan takara, aka sanar da ƙuri'a miliyan 14.8. Bayan 'yan watanni a babban zaɓen 2019, da ƙuri'un 'yan jam'iyya da na waɗanda ba su da kati duka, miliyan 15.2 ya samu. Ko a Daura, inda ba a son a taɓa Baba, in ka kawo lissafin nan sai a yi murmushi a kau da kai. A 2018 ɗin ce kuma 'yar tinƙe ta kayar da gwamna mai ci a Legas, Ambode, ta fito da Sanwo-Olu. Masu sonta na cewa ga ikon jama'a. Masu kushe ta na cewa a duba wanda ke riƙe da jam'iyyar a jihar tukuna. Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya.

A kotu tana da rauni, saboda tabbatar da abin da ya faru a ɗaruruwan mazaɓu aiki ne, kuma ba wuya ɓangarori biyu su fito kowa da takardarsa. Amma in an yi ta tsakani da Allah, ba hanyar da ta kai ta ɗaure magoya baya. Wanda ya sha rana a layi saboda mutum, zai fito ranar babban zaɓe ko ba a ba shi komai ba.

Maslaha

A ka'ida ita ce mafi arha, mafi sauƙi, mafi zaman lafiya, kuma ta dace da tarbiyyarmu ta a zauna a sasanta. Manya su shiga ɗaki, a fito da mutum ɗaya, saura su janye. Dokar 2022 ta gindaya sharaɗi: sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wanda aka tsayar, sannan a kira taro a tabbatar. In mutum ɗaya ya ƙi, a koma ɗaya daga cikin hanyoyin biyu.

Tsakanin maslaha da ɗauki-ɗora zare ne siriri. Mu Katsinawa mun ci moriyarta: a Disamban 2006 an yi taron daliget na PDP don fid da ɗan takarar shugaban ƙasa, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya samu ƙuri'a 3,024, amma kowa ya san tun kafin ranar gwamnonin da ke neman kujerar sun janye bayan Obasanjo ya nuna inda ya karkata. Sunan daliget ne, aikin na maslaha. A lokacin ba mu ce ɗauki-ɗora ba ne, saboda namu aka ɗora.

Inda ta fi karyewa shi ne in an sanar kafin a gama shawo kan mutane. A 2010 kwamitin Adamu Ciroma ya fitar da Atiku a matsayin ɗan takarar Arewa a PDP, sauran suka janye, amma a Janairun 2011 Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805. A Afrilun 2022 aka ce dattawan Arewa sun tsayar da Saraki da Bala Muhammad, Tambuwal ya ce bai san zancen ba. A watan Yuni shugaban APC Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka yi watsi da maganar a ranar. Kuɗinta kuma ba a ganinsa ne kawai: wanda ya janye sai an mayar mashi da abin da ya kashe, ko a yi mashi alkawarin kujera. Alkawarin da ba a cika ba shi ke haifar da zagon ƙasa.

| Ma'auni | Daliget | 'Yar tinƙe | Maslaha |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan ga jam'iyya, mai yawa ga ɗan takara | Mai yawa ga kowa | Kaɗan a fili, alkawura a ɓoye |
| Ƙarko a kotu | Mai kyau in jerin wakilai ɗaya ne | Mai rauni | Mai kyau in kowa ya sa hannu |
| Riƙe magoya baya | Matsakaici | Mafi ƙarfi in an yi gaskiya | Ya danganta da cika alkawari |
| Sauƙi | Wuri ɗaya | Kowace mazaɓa | Ɗaki ɗaya |
| Haɗari | Saye da tsare wakilai | Ƙauraye, rashin sirri, rubuta sakamako | Ɗauki-ɗora, zagon ƙasa |
| Mabuɗi | Jerin wakilai | Rajista da takardar sakamako | Wanda ya kira zaman |

Kafin ka yanke, tuna da abin da rikicin fid da gwani ya taɓa jawowa, ko ta wace hanya. A 2011 CPC, jam'iyyar Buhari ta lokacin, na tashe a Katsina, amma ta shiga zaɓe da ɓangarori biyu, na Lado Ɗanmarke da na Aminu Bello Masari, kowa na cewa shi ne halattacce. Kujerar gwamna ta kuɓuce, kuma bayan hukuncin Kotun Ƙoli a ƙarshen shekarar sanatoci biyu da 'yan majalisar wakilai takwas da suka riga suka zauna a Abuja suka rasa kujerunsu, aka ba 'yan ɗaya ɓangaren. A Zamfara a 2019 APC ta ci komai a akwati, Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, aka miƙa wa PDP kusan duka kujerun jihar. Wanda ke jin an zalunce shi kuma kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba shi ya shigar da ƙara. In ya tsaya jiran a ba shi haƙuri, lokaci ya wuce. Dattawan majalisarmu kan ƙara da labarin 1992, lokacin da Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi gaba a SDP, gwamnatin Babangida ta soke zaɓen ta haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Wannan kam zamanin soja ne, ba hanyar da za ta tsira.

Wacce ta dace da wa

In gwaninka mai jama'a ne marar kuɗi, kuma ba ya ɗasawa da masu riƙe da jam'iyya, nemi 'yar tinƙe, amma kada ka tsaya a sunan. Ka nemi a liƙa rajista a kowace mazaɓa tun da wuri, a ƙirga a sanar a wurin, kowane wakili ya tafi da kwafin sakamako mai sa hannu. In an hana waɗannan ukun, abin da za a yi sunansa kawai 'yar tinƙe, gara ma daliget, inda aƙalla za ka ga ƙuri'ar da ido.

In mazaɓarka na cikin yankin da tsaro ya taɓarɓare, ko mafi yawan mutanenka mata ne da dattawa da masu cin abinci a ƙarƙashin wani, daliget ta fi kare su. Sai dai yaƙinka ya koma ranar zaɓen wakilai: ka fito, ka tabbata mutumin da aka rubuta sunansa wanda zai iya dawowa unguwa ya kalli mutane ne.

In jam'iyyarku ƙarama ce, ko 'yan takara biyu ne da ke jin maganar dattijo ɗaya, maslaha za ta tanadar maku kuɗi da ƙarfi don babban zaɓe. Sharaɗin shi ne ka ga takardun janyewa da idonka, kuma ka ji daga bakin waɗanda suka janye, ba daga bakin wanda aka tsayar ba. In 'yan takara sun kai biyar kuma kowa ya riga ya kashe dukiya, kada ka sa bakinka a maslaha, za ta watse a bar ka da kunya.

In kuwa kai mai zaɓe ne kawai, ba kati ba muƙami, hanyar da aka bi tana gaya maka wanda ɗan takarar zai ji yana bin sa bashi: gwamnoni, ko manyan ɗaki, ko masu layi. Kuma ƙuri'arka tana nan. A 2023 APC ke mulkin Katsina, shugaban ƙasa ɗan Daura ne, amma Atiku ya zo gaban Tinubu a jihar da tazarar ƙuri'a ƙasa da dubu bakwai, sannan bayan mako uku mutanen nan dai suka ba Dikko Raɗɗa na APC kujerar gwamna da rata mai faɗi.

Ƙanena dai mazaɓarsu a cikin birni take, gwaninsu kuma ba ya cikin 'yan gaban goshi. Na ce ya ɗaga wa 'yar tinƙe hannu, ya nemi a rubuta sharuɗɗan nan uku a takardar bayan taro. Ya ce, "To Yaya, in suka ce maslaha aka riga aka yi fa?" Na ce ya tambaya cikin ladabi a nuna masu takardun waɗanda suka janye, sannan ya zauna.